Kada Ka Kira Kowa

Shekara biyu ke nan Abdulilah da Mukhtaru suna fita hawan keke kowace Juma'a bayan sallar asuba. Abdulilah haifaffen Makka ne, jikan wani Bakano da ya zo aikin Hajji bai koma ba, yana da shagon tabarau a unguwar Shisha. Likita ne ya sa shi sayen keke saboda sukari. Mukhtaru kuwa ya girme shi da shekara goma, mutumin Maraɗi ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Misfala. Umra ya zo shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya zauna. Ba shi da iƙama, wato izinin zama, ba shi da wata takarda, don haka shi ke zaɓar hanya, kuma kullum wadda ba mota ba ɗan sanda yake zaɓa.

Ran nan sun ɗauki wata tsohuwar kwalta da ke gabas da gari, wadda ke nannaɗe da duwatsu tana hawa. Sun yi awa ɗaya da rabi suna haki, mota ɗaya ce kawai ta wuce su. Da suka kai sama suka sha ruwa, suka ci dabino, suka juyo.

Mukhtaru ne a gaba a gangarar. Iska tana kaɗa rigarsa, ya sunkuya a kan keken kamar saurayi. A kwana ta huɗu Abdulilah ya hango su: birai, irin gwaggon birin dutsen nan, sun fi ashirin, suna tsallaka titi da 'ya'yansu a baya. Ya ji ƙarar birki. Ya ga tayar baya ta tashi sama. Mukhtaru ya wuntsila, kansa ya daki ƙarfen gefen hanya.

Abdulilah bai san yadda ya sauka daga nasa keken ba. Hular kwanon Mukhtaru ta tsage gida biyu, jini yana bin bayan kunnensa yana shiga wuyan riga. Idanunsa a buɗe suke.

"Yaya Mukhtaru! Kana jina?"

"Mi ya faru?"

"Faɗuwa ka yi. Kada ka motsa, bari in kira is'af."

Da jin sunan motar asibiti, Mukhtaru ya cafke masa hannu da wani irin ƙarfi.

"Kada ka kira kowa. Don girman Allah. In suka zo za su tambayi takarda, daga asibiti sai tarhil inda ake tsare masu jiran kora, sai jirgi. Matata Mujahida fa? Wa zan bar wa ita? Ba komai ba ne, bari in huta mu tafi."

Abdulilah ya mayar da wayar aljihu. Ya cire rigarsa ta ciki ya danne ciwon da ita. Biran ba su tafi ba. Sun hau duwatsun da ke saman hanya sun zauna, wani babba mai furfura a kafaɗa ya sauko har bakin kwalta, ya ɗauke gorar ruwan da ta faɗi, ya yi hamma ya nuna haƙora. Abdulilah ya ɗauki dutse, sai ya tuna an ce in ka jefi ɗaya duka suke taso maka. Ya ajiye a hankali.

Ya saurara ko zai ji mota. Babu komai sai tayar keken Mukhtaru da ke ta juyi ita kaɗai.

"Abdulilah, mi ya faru?"

"Na gaya maka, faɗuwa ka yi."

"To."

Ba a yi minti biyu ba ya sake tambaya. Sannan ya juya kai ya yi amai. Da ya buɗe baki, kalmomin suka fito a cakuɗe kamar na mai magagin barci. Abdulilah ya ciro waya. Ya kira ƙanwarsa Haifa, wadda ke aikin jinya.

Sai da ya tako zuwa tsakiyar titi kafin kiran ya shiga. Ya zayyana mata komai, rabi da Hausa rabi da Larabci.

"Ya yi amai?" ta tambaya.

"Yanzun nan."

"Yaya, buɗe masa ido ka duba. Baƙin idon biyu girmansu ɗaya?"

Ya durƙusa, ya ɗaga fatar idon da yatsa. Shekara ashirin yana kallon idanun mutane a shago, bai taɓa ganin haka ba.

"Na dama ya fi faɗi."

"Kashe wayar nan ka kira is'af. Yanzu. Jini ne ke taruwa a kansa."

"Ya roƙe ni, Haifa. Ba shi da iƙama. Bari in sa a zo da mota mu kai shi gida, ki zo ki duba shi."

"In duba shi da me? Wallahi in ka kai shi gida, kafin la'asar wanka za ku yi masa. Ka zaɓa."

Ta kashe. Abdulilah ya tsaya da wayar a hannu. Ya tuna Mujahida da ɗakinsu guda a Misfala. Ya tuna shi ma za a tambaye shi yadda aka yi yake yawo da mutumin da ba shi da takarda. Mukhtaru ya lumshe ido, numfashinsa ya koma minshari.

Ya danna lambar. Ya gaya wa mai amsawa abin da ya faru. Bai ma san sunan hanyar ba, sai wurin da yake ya tura musu ta waya.

Minti talatin da biyar suka yi suna jira. Rana ta fito sosai, kwalta ta fara zafi. Ya tsaya ya yi wa fuskar Mukhtaru inuwa da jikinsa, yana kiran sunansa, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, yana waigen biran. Sau biyu yana ɗora kunne a ƙirjinsa. Da jiniya ta taso daga ƙasan dutse, sai ya zauna a ƙasa.

Ma'aikatan ba su tambayi komai ba sai sunan Mukhtaru da lokacin da ya faɗi. Kafin azahar an shiga da shi tiyata. Likitan ya ce da an ƙara awa guda, da sai dai haƙuri.

Takardar, daga baya aka tambaya. Bayan sati bakwai, da ya iya tafiya da ƙafarsa, aka mayar da Mukhtaru Nijar. Abdulilah ya sha tambayoyi a hannun hukuma kwana biyu, aka sallame shi. Mukhtaru bai tuna faɗuwar ba, bai tuna roƙon da ya yi ba, Abdulilah ne da bakinsa ya gaya masa tun yana asibiti. Mukhtaru ya juya fuska bango har aka tashi masu dubiya.

Mujahida ta bi mijinta bayan wata ɗaya. Ranar da Abdulilah ya je taya ta ɗaure kaya, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga.

"Ki yafe mini, Yaya Mujahida."

Ta ci gaba da naɗe labule.

"Shigo ka kama mini akwatin nan," ta ce. "Ya yi waya jiya. Ya ce ciwon kan ya ragu, har ya je masallaci da kansa."