Injin Majid a Cikin Duro

Idrisu direban tasi ne a unguwar Hindawiyya. Yana ɗan taɓa gyaran mota, amma bai taɓa buɗe injin kwalekwale ba sai da maƙwabcinsa Majid ya ce in ya gyara masa nasa, ya riƙa fita da kwalekwalen duk ranar da ya ga dama. Ya karɓi aikin ne saboda yayansa Tsoho. A garin Bur Sudan na bakin teku Tsoho ya girma, kuma tun da ciwon suga ya zaunar da shi ba shi da zance sai na kamun kifi.

Ciwon injin guda ne. In an ba shi wuta yana gudu lafiya lau, amma da an sassauta totur sai ya yi tari ya mutu. Kamun da Tsoho ya iya kuwa na jan ƙugiya ne a hankali bayan kwalekwale.

Idrisu ya ɗauko injin daga bakin tekun Shu'aiba a but ɗin motarsa, ya hau da shi saman bene, ya cika duro da ruwa ya rataya shi a ciki. Ya canja fulogi, ya zubar da tsohon mai, ya sa sabon tiyo. Duk a banza. Hayaƙi kuma ya bi shanyar matarsa Rakiya.

"Abu Basma, kayan makarantar yara duk warin fetur suke," ta ce wa Idrisu daga bakin matakala.

"Na kusa gamawa."

"Haka ka ce shekaranjiya."

Tsoho yana kan kujerar roba a inuwar tankin ruwa. Ya ce, "Tun farko na gaya maka kafireta ce."

"Yaya, ba ka gaya mini ba."

"To yanzu na gaya maka."

Idrisu ya kwance kafiretar a kan tiren shayi. Ƙaramin jet ɗin silo, wanda ke ba injin mai in yana tafiya a hankali, ya toshe da wani datti mai danƙo. Ya zare silin waya ya soka, ya fesa, ya hura har ya hango haske ta ramin. Da ya zo mayarwa ya ga gaskit ɗin da ke toshe tsakanin kafireta da injin ya bushe, gefensa ya ɗan tsage. Ya juya shi a hannu. Samo sabo sai an je Jidda. Ya mayar da shi haka, ya ɗaure da ƙarfi.

Injin ya tashi, ya zauna a silo yana kaɗa ruwan duro kamar ba shi ba. Tsoho ya aika aka sayo masa zaren kamu.

Ranar Asabar suka tafi Shu'aiba. Suka fita da gudu, iska tana kaɗa rigar Tsoho, yana ta murmushi. Da suka yi nisa da gaɓa ya ɗaga hannu.

"Halas, ya isa, nan ya yi. Sassauta."

Idrisu ya sassauta. Injin ya yi tari ya mutu.

Ya ja igiya, injin ya tashi. Ya sa giya, ya mutu. A duro babu nauyin da farfela ke turawa, a nan kuwa ga kwalekwale ga mutum biyu. Ya ƙara sukurun silo, injin ya tsaya da ƙafarsa, amma gudun ya yi yawa, ƙugiyar Tsoho sai tsalle take a saman ruwa. Ya rage kaɗan, ya mutu. Haka ya yi ta yi, rana tana dukan ƙeyarsa, har kafaɗarsa ta ƙage da jan igiya.

Can ya cire murfin ya kara kunne injin yana aiki. Ya ji wani siririn fito a gindin kafireta. Ya ɗora yatsa a wurin, muryar injin ta daidaita. Ya ɗauke, ta koma rawa. Iska yake sha ta tsagar gaskit.

"Me ka gani?" in ji Tsoho.

"Gaskit ne."

"Da ka kwance ba ka gan shi ba?"

Idrisu ya shiga goge hannu da tsumma.

"Ka gan shi ke nan."

"Yaya, Jidda zan je saboda abin da bai kai tafin hannu ba? Aikina fa?"

"Ai ga shi yau ma ba ka yi aikin ba."

Idrisu ya gwada toshe wurin da yatsa yana riƙe da totur da ɗaya hannun, amma ƙarfen ya yi zafi, bai jure ba. Ya liƙa salatif, fetur ya narkar da shi. Ya yi jifa da tsumman cikin kwalekwale ya zauna.

Tsoho ya naɗe zarensa a hankali, ya cire ƙugiyar ya soke ta a jikin kwali.

"Mu koma," ya ce. "Ƙafata ta fara kumbura."

Da gudu suka komo, don injin bai yarda da wani abu ba sai gudu. Kusa da gaɓa Idrisu ya kashe shi, ya diro cikin ruwa iya ƙugu, ya ja kwalekwalen da hannu har kan yashi. Sannan ya duƙa, Tsoho ya dafa kafaɗarsa ya sauko.