Jinin da Bai Koma Ba

"Kashe motarka, Direba, ba inda zai je!"

Yayan Mai Walda ne ya tokare ƙofa da hannu biyu, mutumin da rabonsa da gidan nan tun kafin ciwo ya kwantar da ƙaninsa. Ran Direba ya ɓaci. Katanga ɗaya ta raba shi da Mai Walda, kuma shi ke kai shi asibiti duk wata. Can ake ɗibar jininsa, a ɗura magani cikin jajayen ƙwayoyin jinin, kashegari a mayar masa, maganin ya riƙa fita sannu a hankali. Tunda maganin sha ya ƙone masa ciki, da wannan yake miƙewa. Jiya aka ɗiba, yau ce ranar mayarwa.

"Jinin da ya fita daga jiki ƙazanta ne," in ji yayan. "Ba za a mayar wa ɗan'uwana ƙazanta ina raye ba."

"Haba Yaya, jininsa ne fa! Wa ya gaya maka haka?"

"Sai an gaya mini? Kai a su wa?"

Ka ji fa, wai a su wa! Shi Direban da ya sha goya majinyacin nan zuwa mota. Direba ya leƙa ta ƙarƙashin hannun yayan. Matar gidan tana kuka bayan labule, Mai Walda kuwa yana zaune bakin gado, har ya sa takalmi.

"Bari kawai, Direba," ya ce da ƙyar. "Shi ya riƙe ni bayan Baba. In ya huce sai mu je."

Ina fa ya huce! Tarewa ya yi a falo da jarkokin jiƙe-jiƙe. Kullum da safe Direba ya zo ya buga ƙofa, kullum a kore shi kamar ɗan bashi. Ranar da jiki ya rikice, yayan da kansa ya fito yana ihu a kawo mota. Mai Walda ya cika a kujerar baya kafin su hau babban titi.

Wurin zaman gaisuwa yayan ya dinga cewa, "Wallahi mun yi iyakar ƙoƙarinmu." Direba ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya tashi ba sallama, ya nufi asibiti ya gaya wa nas ɗin da ke kula da Mai Walda rasuwarsa.

Ta buɗe firji ta ɗauko ledar jinin.

"Lokacinsa ya wuce, na dai kasa zubarwa."

"Ba mai buƙata? Ko mutum ɗaya?"

"Shi kaɗai aka haɗa wa."

Direba ya karɓi ledar, ya zauna a kan benci. Ya riƙe ta da hannu biyu har sanyinta ya fara saki.