Ƙusoshi Shida a Bayan Wuyan Jita

"Ba nan ba," in ji tsohon. "Juya ta."

Kafinta ya dakata, injin huda a hannunsa. Shekara ashirin ke nan bango ɗaya ya raba shagonsa da na wannan tsoho, Mai-Jita, ya ga jita ta fi ɗari tana fita ta ƙofar nan, duk a fuska ake sa musu ɗigon alama, inda mai kaɗawa zai gani. Yau kuma an ce ya juya.

"Yaya, bayan wuya fa kake nunawa."

"Na san gaba da baya, ba hankalina ne ke ciwo ba."

Tun da aka sallamo shi daga asibiti aka shigo masa da gado cikin shagon, don ya rantse ba zai kwanta inda ba ya jin ƙamshin katako ba. Ga shi nan ya rame ƙwarai, numfashinsa sama-sama. Jitar nan ce aikinsa na ƙarshe, ta autarsa ce, wadda ke koyar da kiɗa a wata makaranta. Komai ya kammala, saura alamomi, sai hannun ya ƙi. Da safen nan ya aika a kirawo Kafinta, mutumin da ya sha yi wa ba'a cewa ko ƙafar benci ba ya iya daidaitawa.

"Gida na uku, na biyar, na bakwai, na tara," tsohon ya lissafa gidajen da yatsa ke dannawa a wuyan jita, yana hutawa tsakani. "Na sha biyu, guda biyu. Ƙusar tagulla. Ka bar kanta ya ɗan taso."

Kafinta ya ji tsoro sosai. Katakon bayan wuya ba kauri, kuma akwai sandar ƙarfe a cikinsa. In huda ta wuce kima, sai wuyan ya tsage, aikin wata bakwai ya tashi a banza, mai gyarawa kuma ba shi da sauran kwana bakwai.

"A bari Auta ta iso mana, a ji ta bakinta."

"Za ta ce a'a." Ya yi tari har sai da Kafinta ya tallafe shi. "Ka lura da ita kuwa? Tana sunkuyawa kan jita kamar mai zura zare a allura. Ran nan ta zuba min ruwa, rabi a kofi rabi a ƙasa. Idon yana tafiya, irin na uwarta. Tana ɓoyewa kar su kore ta daga aiki." Ya ɗaga babban yatsa da ƙyar. "Wannan ba ya buƙatar haske."

Kafinta bai ƙara musu ba. Ya naɗa tef a bakin abin huda don ya san iyakarsa, ya danne wuyan da tsumma. Zufa na shiga masa ido. Na farko ya shiga lafiya, na biyu ma haka. A na uku injin ya yi wata ƙara, ya cire da sauri. Ya kai hanci yana duba ko akwai tsaga.

"Ba ka taɓa ƙarfen ba," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Da na ji. Ci gaba, matsoraci."

Yana buga ƙusa ta biyar Auta ta shigo, jakarta a kafaɗa.

"Kawu! Me kake yi wa jitar nan? Ka huda mata baya?"

"Babanki ne ya..."

"Baba bai san abin da yake faɗi ba yanzu! Kai kuma sai ka biye masa?"

Kunya ta kama Kafinta. Sai dai ya ga tsohon yana motsa leɓe, don haka ya cije ya buga ta shida, ya goge kawunansu da takarda mai ƙaiƙayi, ya miƙa mata.

"Riƙe," in ji uban. "Kar ki duba."

Ta riƙe cikin fushi. Babban yatsanta ya zame a bayan wuyan, ya tsaya. Ya sake zamewa, ya sake tsayawa. Fuskarta ta sake.

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

Bai amsa ba. Ta ɗauka gajiya ce, ta zauna a bakin gadon ta soma kaɗawa a hankali, kanta a ɗage, abin da Kafinta ya jima bai gani ba. Shi da ke tsaye ta wajen kan gadon ne ya lura bargon ya daina hawa da sauka. Ya buɗe baki zai faɗa mata, ya kasa. Ya miƙa hannu a ɓoye ya shafe idon tsohon, sannan ya koma ya jingina da tebur, ya bar ta ta kai ƙarshen waƙar.