Katin Dariya

Wata uku Anti, malamar ajin, ta yi tana lallaɓa yarinyar nan kafin ta ji muryarta. 'Yan ajin, masu shekara hurhuɗu, Shiru-shiru suke ce mata, har direban motar makaranta ya ɗauka.

A bakin ƙofar aji akwai wani ƙyalle da Anti ta ɗinka da hannunta, aljihu ashirin da biyu, kowanne da hoton mai shi. Ƙarƙashinsa kwando ne cike da katuna iri huɗu: fuskar dariya, ta kuka, ta fushi, ta tsoro. Duk wanda ya shigo da safe sai ya zaɓi abin da ke ransa ya zura a aljihunsa. Yaron da ya iya cewa "fushi nake" ba ya gantsara wa ɗan'uwansa cizo. Anti ta gwada ta gani.

Ranar wata Litinin Shiru-shiru ta daɗe tsaye kan kwandon, sannan ta zaro na tsoro.

Anti ta tsuguna gabanta. "Me ya ba ki tsoro, 'yata?"

"Sito."

"Wane sito?"

"In na yi kuka Baba ya rufe ni ciki. Ba fitila. Da ɓera."

Anti ta rungume ta. "Kin kyauta da kika faɗa. Kullum aka tambaye ki, ki faɗi abin da ke ranki, kin ji?"

Dokar Anti ce ta kwashe katunan kafin iyaye su zo ɗauka. Ran nan wata yarinya ta kelaya amai a kan tabarma ana dab da tashi, Anti ta shiga goge-goge, ta manta. Ran nan kuma motar makaranta ta mutu, uban ya zo da kansa.

Dogo ne, fes-fes, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya tsaya gaban ƙyallen, ya zaro katin daga aljihun 'yarsa.

"Malama, wannan fa?"

Bai jira amsar Anti ba, ya duƙa.

"Mamana, tsoron wa kike?"

Yarinyar ta waiga ta kalli Anti. Sai ta yi abin da aka koya mata.

"Kai."

Ya yi dariya, har da shafa mata kai. "Ashe karatun ke nan." Ya kama hannunta ya nufi ofis.

Ko minti goma ba a yi ba Madam, mai makarantar, ta faɗo ajin tana huci.

"Ke! A-B-C-D aka ɗauke ki ki koyar, ko ofishin karɓar ƙara kika buɗe min?"

"Madam, a sito yake kulle ta."

"Kin gani da idonki? 'Ya'yansa uku a nan, su kwashe su bar min ke in dafa? Ke da ko haihuwar ba ki taɓa yi ba, za ki koya wa uba riƙon 'yarsa?"

Ta zazzage kwandon kan tebur, ta ware na dariya gefe, sauran ta cusa a jakarta. "Ƙyallen yana da kyau, bar shi. Iyaye na son ganin irin haka."

Kwana uku kujerar Shiru-shiru ba kowa. Anti ta kira lambar uwar sau shida, ba a ɗauka ba.

Ranar Juma'a sai ga ta, da sabon takalmi da ribon ja. Anti ta tare ta a ƙofa. A tafin hannun Anti akwai katin tsoro guda ɗaya da ya faɗa ƙarƙashin kabad, ya tsira daga jakar Madam. Ta buɗe hannun a hankali, yadda ba mai gani sai su biyu.

Yarinyar ta ja da baya kamar an nuna mata wuta. Ta kewaye ta, ta tsoma hannu a kwando, ta zura na dariya a aljihunta. Sannan ta washe haƙora irin na katin sak, idanun ba sa ko motsi.

"Anti, na zaɓi daidai?" Muryarta a dishe take. "Ɓera ya hau ƙafata, ban yi kuka ba. Baba ya ce yanzu na girma."

Madam ta zo wucewa, ta leƙo, ta ƙirga fuskoki ashirin da biyu suna dariya.

"Yauwa," ta ce. "Ko ke fa."