Rowar Malam Sulemanu

Malam Sulemanu marowaci ne, kuma rowarsa ta fi ta mai hana tuwo muni, domin shi ilimi yake hanawa, ilimin da aka tura shi kwas ya koyo don ya koyar.

A wata makarantar koyon sana'a da ke bayan garin Funtua yake koyar da aikin lantarki, a shekarun da kwamfuta ta fara shigowa. Makarantar ta samu guda ɗaya. A kanta ya rubuta wani shiri, kuma a faɗi gaskiya, shirin ya yi amfani. Da, sai ɗalibi ya haɗa wayoyi a allo ya kunna wuta kafin ya san ko ya yi daidai, kaya su yi ta ƙonewa. Yanzu kuwa sai ya kwatanta wa kwamfutar allon da wasu 'yan kalmomi, ita ta juya kwatancen zuwa umarni, ta miƙa wa wani injin ƙarya da ke cikinta, wanda ba shi da ƙarfe balle waya. Injin ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda wuta za ta bi da inda za ta tsaya. Kowane umarni lamba ce kawai. Aikin kowace lamba kuwa, Sulemanu kaɗai ya sani.

Shugaban makarantar, Alhaji Shitu, ya ga wannan ba tsari ba ne. Ya kira Rahab, wata 'yar Gozaki mai buga tafireta da aka ɗauka aikin gwaji, ya ce ta zauna da Malam ta buga littafin bayani, kowane umarni da shafinsa. Ya ƙara da cewa in an dawo hutun kaka littafin bai kammala ba, ba za a tabbatar da ita a aiki ba.

Masu sauƙin, Sulemanu ya faɗa mata yana hamma. Da aka zo kan masu wuya, waɗanda ke raba gardama idan wutar wayoyi biyu ta canza a tare, sai baki ya yi nauyi. Yau yana da aji. Gobe babur ya lalace. Jibi ya zauna, ya kwashe rabin yini yana ba ta labarin Zariya.

Ran nan ta tare shi a ƙofar ɗakin kwamfuta.

"Malam, don Allah. Aikina ne fa a hannunka."

"Ƙanwata, kin cika gaggawa. Ubana maƙeri ne a Bakori. Har ya mutu bai nuna wa yaransa yadda yake shayar da ƙarfe ya yi ƙwari ba. Maƙerin da ya koyar da komai, gobe shi ne mai zuga."

"Ni ba ƙira zan yi ba, Malam. Bugawa kawai zan yi."

"Abin da kika buga ai kowa ya samu. Ilimin yana nan," ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Nan gara ba ta shiga."

Ta koma ofis tana huci. Asma'u, babbar akawu, ta dube ta ta yi dariya.

"Ke ma da wauta. Cika shafukan da abin da ya zo miki. Alhaji ƙaurin littafi zai duba, ba cikinsa ba."

"Yaya Asma'u, yaran nan da wuta suke aiki. In na rubuta ƙarya wani ya gaskata fa?"

"To ki ci gaskiya da miyar kuka."

Rahab ta yi ta juya maganar, don tana son aikin nan, kuma ba ta son komawa Gozaki da akwati a ka. Duk da haka ta buga lambar kowane umarnin da aka hana ta a saman shafi, ta bar ƙasan fari fat.

Aka tafi hutu. Sulemanu ya tare a gonarsa ta Dayi, ya yanke dawa, ya cire auduga, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. Bai ko tuna da injinsa ba.

Da aka dawo, Alhaji Shitu ya buɗe littafin a gaban Rahab da Sulemanu, ya yi ta tarar da fararen shafuka. Fuskarsa ta canza.

"Rahab, mene ne wannan?"

Kafin ta buɗe baki Sulemanu ya riga ta. "Ranka ya daɗe, duk na faɗa mata. Kanta ne ba ya riƙewa."

Rahab ta ji kamar ta fasa ihu. Ta haɗiye, ta ce, "Alhaji, ga tafireta nan. Ya sake faɗa, in buga."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Alhaji. "Bismilla, Malam."

Sulemanu ya gyara zama, ya dubi lambar farko. Ya yi gyaran murya. Ya ce wannan ita ce mai jinkirta wuta. A'a, mai share ta. Ya kunna kwamfutar don ya tabbatar, injin ya yi wani abu dabam. Ya gwada ta gaba, haka. Ashe duk ya manta. Yatsun Rahab suna kan tafireta, ba abin bugawa. Hatsin da ya binne don kada maƙwabci ya gani, ya tono ya tarar da ƙasa.

Rahab ba ta ji daɗin komai ba. Littafin da ta sha wahalarsa ba zai taɓa cika ba, kuma ta san ranar da shirin ya tuɓure babu mai gyara shi, yara za su koma ƙona kaya.

Alhaji Shitu ya rufe littafin, ya ce an tabbatar da ita. Sulemanu kuwa aka karɓe mabuɗin ɗakin kwamfuta daga hannunsa, aka cire shi daga aji, aka mayar da shi canza ƙwan lantarki a ɗakunan kwanan ɗalibai. A nan ya yi ritaya.