Ƙafafun Motar Alhaji Kimba

Shekara ashirin da biyu ina gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ƙarfe bai taɓa ba ni tsoro ba sai ranar da surukina ya aiko mini da ƙafafun mota huɗu a cikin kwalaye.

Alhaji Kimba ne surukin nawa, mahaifin matata Hamamatu. Mutumin Dosso ne, ɗan kasuwar goro a unguwar Alabar, dattijo mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsabar idonsa ba. In na je gaisuwa, takalmi a waje, gwiwa a ƙasa, kome ya faɗa amsata ɗaya ce: "To, Baba." Magana mai nauyi kuwa ba ta fita daga bakina zuwa kunnensa. Sai in gaya wa Hamamatu, ita ta kai. Haka muka gada, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba.

Motarsa tsohuwa ce, doguwa, kullum a cike da mutane da buhuna. Bara yana dawowa daga Ejura, birki ya yi zafi a gangaren Mampong ya sake shi. Allah ne ya tsare, motar ta kutsa cikin ciyawa ta tsaya. Ni na je na jawo ta. Kwana uku na yi a ƙarƙashinta, na cire ƙaramin birkin da ta zo da shi, na sa mata babban faifai da babban kan birki na wata mota da ta fi ta nauyi. Tun daga nan in ka taka, sai ta tsaya cak. Ban taɓa yin aikin da ya kwantar mini da hankali kamar wannan ba.

Sai ga kwalayen nan. Abdul'aziz ne ya aiko da su daga Italiya, babban ɗan Alhaji, wanda shekararsa tara bai taka Kumasi ba. Rim ne, wato ƙarfen da ake sa wa taya, na alminiyam, masu sheƙi, kana ganin fuskarka a ciki. Hamamatu ta ce kwana biyu suna falo, duk wanda ya shigo sai Alhaji ya buɗe masa kwali ya gani. Ranar Lahadi akwai sunan jikarsa a Ejura, da su yake so ya shiga gari.

Na ɗaga motar a jak, na sa ƙafar gaba, na juya ta da hannu. Ko rabin zagaye ba ta yi ba ta cije. Na cire na duba, ga karce a cikin rim ɗin, daidai inda saman kan birki ya taɓa. Na gwada ɗaya ɓangaren, haka. Na sa zoben ƙarfe a bayanta don in turo ta waje, duk a banza, domin cikin rim ɗin ne ya yi wa birkin kaɗan.

Shakiru, mai walda da ke maƙwabtaka da ni, ya leƙo yana dariya.

"Massa Brimah, mene kana kallo? Kawo giranda, mu ci kan birkin small, ɗan kaɗan kawai. A Magazin ba a cewa abu ba ya shiga."

Gaskiyarsa, haka muke fahariya. Mun sa injin babbar mota a ƙarama, mun mayar da motar da ta ƙone tasi. Amma na auna, abin da injin goge ƙarfen nan zai ci ya kai kaurin ɗan yatsa, kuma a bayan wannan ƙarfen man birki yake bi. Ka ci shi yau, gobe ya tsage a gangare.

"Ba zan ci ba," na ce.

"Yoo. Sai ka je ka gaya ma surukinka da bakinka."

Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya tafi yana fito.

Da yamma na zaunar da Hamamatu. Na ce ta gaya wa Baba ƙafafun ba sa shiga, kuma tilasta su hatsari ne. Har na maimaita mata kalmar. Washegari ta dawo ta ce, "Baba ya ce ka yi dabara."

"Me kika ce masa?"

"Na ce sun ɗan matse."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ni ban ce sun ɗan matse ba. Ta kira ni da sunan 'yarmu ta ce, "Baban Safia, ka ga fuskarsa kuwa in yana shafa su? Ni zan ce masa kyautar Yaya ba ta da amfani?" Na sake aika ta ranar Alhamis. Abin da ya iso kunnen Alhaji a wannan karon shi ne aiki ya yi mini yawa, ina neman uzuri.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Alhaji da kansa a bakin shagona, da abokansa biyu cikin manyan riguna. Ya kawo su ne su ga mota da sababbin ƙafafu. Suka tarar da ita a kan jak, ƙafafun a jingine da bango. Na durƙusa cikin baƙin mai na gaishe su.

"Brimah, kwana huɗu," in ji Alhaji. "Taya huɗu."

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Yaran yanzu ke nan. Kaya daga Turai, an kawo ma wanda bai saba gani ba."

Da na yi shiru, da na roƙi Alhaji mu koma gefe mu biyu, da wataƙila ba haka ta kasance ba. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe tsaye, na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, ba sa shiga, kuma ba za su shiga ba. Abdul'aziz sheƙi ya gani ya saya, bai san motar ba, bai ma tambaya ba. In na sa su, kashe ka zan yi."

Har giranda Shakiru ya kashe. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafun nan a jikin bango. Sai a lokacin na gane abin da na taɓa. Na faɗa a gaban abokansa cewa ɗansa bai san ko motar da ubansa ke hawa ba.

"Mayar mini da tsofaffin," ya ce.

Na mayar. Abokansa suka loda kwalayen a baya. Ya karɓi makulli, bai ce mini sai an jima ba.

Ranar Asabar na je Alabar da sassafe don in ba da haƙuri. Aka ce ya fita da mota. Na koma bayan la'asar, aka ce yana hutawa. Na zauna a dakali har aka kira magariba, ba wanda ya ce in shiga.

Lahadi da hantsi ina tsakar gida, Hamamatu ta shigo daga gidansu tana jan buhu da ƙyar. Ta riga ta yi kwalliyar suna, ta ɗaura wa Safia ɗankwali irin nata. Ta ajiye buhun a gabana, ya yi ƙarar ƙarfe.

"Baba ya ce a kawo maka kayanka."

Na kwance bakin buhun. Faifai biyu ne da kan birki biyu, waɗanda na yi kwana uku ina haɗawa. Ta ce wani mai gyara a unguwar Atonsu ne ya cire su, ya nemo ƙanana irin na da ya mayar. Yanzu ƙafafun sun shiga lafiya lau.

Ƙaho ya yi ƙara a bakin layi. Na leƙa, ga motar tana sheƙi, an ɗaure buhunan shinkafa a samanta, mutane sun cika ta har baya.

"Hamamatu, kada ki shiga motar nan. Don Allah. Ku je tasha ku hau wata."

"In ce masa me? Bayan abin da ya faru shekaranjiya?"

"Ki ce ni na hana."

"Shi ke nan an raba zumuncin ke nan, Baban Safia. Babana ne."

Idonta ya cika da hawaye, ta gyara mayafi. Na kama hannun Safia na ce to wannan dai ba za ta je ba. Yarinyar ta fara kuka. Hamamatu ta dube ni, ta dubi 'yarta, ba ta yi gardama ba ko kaɗan, kuma rashin gardamar nan ya fi komai tayar mini da hankali. Ta sunkuya ta share wa Safia fuska, ta fita ita kaɗai.