Kalangu a Titin Elm

Shekara ashirin Ɗantala yana tuƙa bas a garin Greensboro na Amurka, kowa na ce masa Alhaji, ba wanda ya san ɗan makaɗa ne. Kalangun da ya gada yana ƙasan akwati, sai in ba kowa a gida yake taɓa shi. Mutanenmu kuwa ka san su, suna son kiɗa, suna raina makaɗi.

'Yarsa Mubina, mai karatun fim a jami'a, ta shirya nuna wani tsohon fim ɗin Jamus a wani zaure a titin Elm. Fim ne marar magana, irin wanda ake zaunar da mai piyano yana bin hoto da kiɗa. Malamanta sun zo su ba ta maki, 'yan Arewa kuma sun cika kujeru don kara. Ana shirin farawa mai piyano ya bugo waya, wai zazzaɓi ya kwantar da shi.

"Baba, it's over," in ji Mubina, idonta ya kawo ruwa. "Ba kiɗa, barci kawai za su yi."

Ɗantala ya dubi manyan gari a sahun gaba, tsoro ya kama shi, tsoron gobe a ce ashe maroƙi ne. Amma hawayen 'yarsa ya fi masa ciwo. Ya ce a jira shi, ya ja mota sai gida, ya dawo da kalangunsa a rataye.

Bai taɓa ganin fim ɗin ba. 'Yar gwamna ce take son shugaban masu bore, gari ya rikice, uban ya rantse sai ya rataye saurayin. Sai Ɗantala ya yi yadda mahaifinsa yake yi a kasuwa, ya ba kowa takensa. Gwamna ya sami kiɗa mai nauyi, yarinyar mai taushi, saurayin kuwa aka ba shi taken mahauta. Da sojoji suka kewaye saurayin, yarinyar ta ratsa bindigogi ta riƙe hannunsa, kalangu ya ɗauki zafi har wata Hajiya Zahara cikin 'yan kallo ta manta a Amurka take, ta rangaɗa guɗa.

Fitila na kamawa, malaman suka miƙe suna tafi. Ɗantala ya sunkuyar da kai yana jiran abin da manya za su ce.

Mubina ta riga su. Ta ɗaga hannunsa sama, da Hausarta mai tsami ta ce, "Wannan Babana ne. Makaɗi ne, ɗan makaɗi, ni kuma jikar makaɗi."